Wanda Zai Ɗaure Notin Maren

Greenland, Nuwamba 1978

Zuwa ga taubashiyata Bodil,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Frode, da tsohuwata da kike lura mini da ita. Ki gaishe ta, ki ce mata safar ulun da ta saƙa ta iso, ina kuma sawa. Mu nan sai godiya. Duhu ya sauka, rana sai ɗan leƙe take yi ta koma, teku kuma ta fara daskarewa daga baki-baki.

Kada ki yi dariyar rubutun nan, ko da yake na san sai kin yi. Ba giya na sha ba, hannun hagu ne. A watan jiya injin da muke ɗaga akwatunan kifi da shi ya kama mini hannun dama. Likita ya yi iya yinsa. Babban yatsa yana nan da ɗan ƙaramin, na tsakiya sun tafi, wuyan hannun kuma ya sandare. Ciwo ya lafa, ina ci ina sha, har na koyi sa maɓallin riga. An mayar da ni kula da sito, aikin zama ne kusa da murhu, ba ni da abin kuka.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar Maren, kwalekwalenmu. Kaka Rasmus ya bar mana kwalekwalen nan mu biyu, ke 'yar ɗansa ni ɗan 'yarsa, don ya san in ya bar wa ɗaya sai ɗayan ya huda ta da dare. Kin san halinta. Hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗaya a igiyar filafili, wato babban zanen da iska ke turawa, kuma in iska ta cika zanen, igiyar nan sai mai ƙarfi. Ni yanzu na tashi daga wannan aiki. Ki riƙe ta in kina so, in kuma ta yi miki yawa ki sayar wa wanda zai kula da ita. Na yafe rabona.

Ba zan zo gida bana ba, wataƙila har baɗi. Ki faɗa wa tsohuwa a hankali, amma tsofaffin nan 'yan bencin tashar jirgin ruwa kada su ji daga bakinki. Sanyin nan ina iya jure shi. Abin da ba zan iya ba shi ne in sauko daga jirgin fito, su Holger suna zaune a jere suna kallon hannuna, su yi mini shiru. Gara su zage ni.

Naki,
Asger


Marstal, Disamba 1978

Zuwa ga ɗan gwaggona Asger,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan hannu yana ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ka cire bayan Frode da ya sake riƙewa, yana tuƙa bas ɗinsa a karkace kamar mai leƙen maƙwabta. Ni ina nan a kicin ɗin gidan tsofaffi, yau a ce gishirin dankali ya yi yawa, gobe a ce bai ji ba.

Na faɗa wa Gwaggo Inga. Ta yi kuka, ta share hawayenta, ta jawo kwandon saƙa ta ce, "To, wanne da wanne yatsa suka rage?" Safar hannun da ke cikin ƙunshin nan ita ce amsarta. Biskit ɗin Kirsimeti nawa ne. Na so in haɗa da ƙyafaffen kifi, Frode ya ce in aka ji matarsa ta aika kifi Greenland shi ba zai ƙara iya fita gari ba.

Rubutun kuwa na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba, don na daman ma da can sai mai haƙuri ke karanta shi. Bayan nan na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa. Abin ya taɓa ni ƙwarai, Asger, har yanzu in na ɗauki wuƙa sai na tuna ka.

Yanzu ka ji abin da Maren ta yi mini. A fitar ƙarshe kafin a ɗaga jirage tudu, ina dawowa iska tana bayana, sai ta juya ba sallama. Sandar kwance ta filafili ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfin tsiya, igiya ta fizga, sai ƙarar katako na ji. Sandar ƙarfen nan ta Kaka, wadda zoben igiya ke kai da komo a kanta, ta tumɓuke ta gefe ɗaya, da sukuru da guntun katako duka. Na cafke igiyar ta sale mini tafin hannu, na sauke babban zanen, na lallaɓo gida da ƙaramin na gaba. 'Yan benci suna zaune kamar an gayyace su.

"Bodil," in ji Holger, "sabon salo ne wannan, ko Maren ce ta gaji da ke?"

Na ce, "Holger, ranar da ka hango yatsun ƙafarka ba da madubi ba, ka zo mu yi maganar salo."

Da aka ɗaga ta na sa wuƙa a wurin, ashe katakon ya ruɓe, yana marmashewa kamar tsohon burodi. Na ƙarasa cire sandar. Ana cikin haka sai ga wani likitan haƙori daga Kopenhagen da ke ajiye jirginsa a nan, yana zagaya Maren yana shafa ta, wai bai taɓa ganin mai kyan ƙira irinta ba. Ya kai ni nasa jirgin ya nuna mini abin da ake yayi yanzu. Wani ƙarfe ne kamar ɗan layin dogo, a kwance a katakon baya, da ɗan keke da ke zamewa a kansa, igiyar kuma a jikin keken take. Na sa a kawo mini irinsa. Shi likitan zai dawo in sanyi ya wuce.

Kai ne makaniken gidan nan. Ka rubuto mini dalla-dalla yadda ake kafa shi, yadda ba zai sake tumɓukewa ba ko wa ke riƙe da igiyar. Sauran abin da ka rubuta kuwa, na karanta.

Taka,
Bodil


Greenland, Janairu 1979

Zuwa ga Bodil,

Na sami wasiƙarki da ƙunshi, na gode. Ina lafiya. Safar ta yi daidai, ki faɗa wa tsohuwa har wani da ya rasa nasa yatsun tun kafin in zo yana tambaya ko tana karɓar aiki. Ki yi wa Frode sannu da baya.

Ashe har an sami mai saye. Ban ɗauka abin zai yi sauri haka ba, amma ni na ce a sayar, ba ni da bakin magana. Tunda likitan haƙori ne zai hau ta, sai a yi aikin da kyau, kada a ce jikokin Rasmus sun nutsar da baƙo.

Ga yadda za ki yi. Ki sa a cire ruɓaɓɓen katakon nan gaba ɗaya, har inda wuƙa za ta ƙi shiga, a maye shi da sabo mai tauri. Kada ki yarda wani ya ce miki a cike wurin da gam a shafe da fenti. Sannan ki manta da sukuru. Sukuru katako kawai yake cizo, ita kuwa igiyar filafili sama take ja, kullum tana girgiza shi, ruwa yana bin ramin yana ci, har ranar da zai fita kamar ruɓaɓɓen haƙori. Abokinki likita zai gane wannan. Bol za ki sa, irin wanda ba ya tsatsa, ya ratsa katakon ya fito ta ƙasa, cikin kogon baya inda muke jefa guga da tsofaffin igiyoyi. A can ƙasa a sa faifan ƙarfe mai kauri mai faɗi, bol ya ratsa shi, sannan washa, sannan noti. Ta haka in iska ta fizga, ba rami ɗaya take ja ba, duk bayan jirgin take ja.

Kowane rami ki cika shi da danƙo kafin bol ya shiga, saboda ruwa. Kada ki bar ramin dogon ko ɗaya ba bol, ko da an ce miki ya isa. Ki toshe bakinsa dama da hagu, in ba haka ba keken zai fice ya bar mutum da igiya a hannu. 'Yan ƙarafan da ke haɗa 'yan tayoyin da igiya ke bi da keken kuma ki ɗaure fil ɗinsu da waya, don sukan kwance kansu ba wanda ya sani.

Abu na ƙarshe, aikin mutum biyu ne. Na sama ya danne kan bol da sukundireba kada ya motsa, don in ya juya danƙon ya tsage. Na ƙasa, cikin kogo, shi ke juya noti da sifana. Kada ki gwada yi ke kaɗai, na san halinki.

Alfarma biyu nake nema. Sandar Kaka kada ki yar, ki ajiye mini, a jikinta na koyi tsayuwa a jirgi. Ranar da mutumin zai zo ɗaukar Maren kuma kada ki faɗa mini.

Asger


Marstal, Maris 1979

Zuwa ga taubashina mai taurin kai,

Gaisuwa, ko da yake ba ka cancanta ba. Muna lafiya. Gwaggo ta yi mura ta warke, bayan Frode ya saki, ƙanƙarar tasha ta fara fashewa. Wasiƙarka ta daɗe a hanya har na fara tunanin hagun ma ka miƙa wa injin.

Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na tambayi Frode ko ya taɓa jin na yi maganar sayar da Maren ko da a cikin barci. Ya ce a barci sunan Holger kawai nake kira, da zagi. Asger, wa ya ce maka sayarwa zan yi? Likitan nan ko tsohon gugan Maren ba zai samu ba. Ban amsa maganar sayarwar ba ne don ba magana ba ce. Na ji haushi da ka ɗauka zan iya, na kuma ji daɗi da abin ya ƙona maka rai, don wanda ya yafe rabonsa da gaske ba ya rubuta irin wasiƙar nan.

Bari in faɗa maka abin da ya kai ni jirgin likitan. Matarsa ce. 'Yar firit da ita, amma na taɓa ganinta a ruwa tana jan babban filafili da hannu ɗaya, kofin gahawa a ɗayan. Da wasiƙarka ta farko ta zo, sai abin ya dawo mini a rai. Dabarar ita ce 'yan tayoyi da yawa, igiya tana hawa tana sauka a tsakaninsu, sai nauyin ya rabu. Za ka ja igiya mai tsawo, amma ba da ƙarfi ba. A ƙarshenta kuma akwai ɗan ƙarfe mai haƙora, ka ja ya cije ya riƙe maka, ka ɗaga igiyar sama ya saki. Na auna wurinsa da hagu, ina zaune inda kake zama, sandar tuƙi a hammata, hannun dama a aljihu. 'Yan benci sun ɗauka na zautu.

Duk abin da ka ce na yi. Sabon katako ya shiga, maƙeri ya yanka faifan, na huda ramuka, danƙo yana cikin gwangwaninsa. Saura na ƙasa. Na gwada shiga kogon duk da gargaɗinka, don kawai in ga wurin. Kaina da kafaɗuna suka shige, ƙugu ya ce shi ba inda za shi. Frode ne ya jawo ni ta ƙafa, a gaban kowa.

Holger ya ce, "Jikar Rasmus, ki bari in shigar miki mana."

Na ce, "In ka shiga, sai dai a binne ka da jirgin."

Akwai sirara a garin nan, ban roƙi ko ɗaya ba. Kai ke shiga kogon nan tun muna yara, na kuma san abincin Greenland bai ƙara maka komai ba. Da hagunka ka rubuta cewa na ƙasa shi ke juya noti da sifana. Na ɗauki sifana na duba ta gaba da baya, wurin riƙo ɗaya gare ta. Ka kuma san al'adar tasharmu, wanda ya ɗaure noti shi ke fara fita da jirgin, ya ɗora ransa a kan aikinsa. Ba ni na ƙirƙiro ta ba.

Farkon Mayu za a sa jirage a ruwa. Maren ba za ta taɓa ruwa ba sai ka zo ka ɗaure ta. 'Yan benci kuwa sun sani tuntuni, kuma ba daga bakina ba. A ƙofar coci Gwaggo ta tsaya tana nuna wa mata yadda ake saƙa safa mai yatsa biyu.

Taka, ko ka so ko ka ƙi,
Bodil


Marstal, Mayu 1979

Asger,

Da fatan kana lafiya. Mu lafiya, sai dai shirunka. Kullum Gwaggo tana tare mai kawo wasiƙu a bakin ƙofa, har ya fara bi ta bayan layi.

An sa jirage a ruwa. Ranar ta yi kyau, kowa ya fito, aka tura na wannan aka tura na wancan, aka ɗaga tutar tasha, ni na gasa kifi, maza suka ji da giya. Na taya kowa turi, na yi dariya iya rabona. Da aka watse sai filin ya yi wayam, Maren kaɗai a kan matokaranta. Holger ya wuce ta gabanta bai ce komai ba, wannan ya fi damuna da duk abin da zai iya faɗa.

Rana ta fara zafi, ka kuma san abin da take yi wa jirgin katako a tudu. Jiya na ga haske ta tsakanin katako biyu a gefenta. Na lulluɓe ta da buhuna, safe da yamma ina kwara mata ruwan teku, Frode yana ɗauko guga yana mita. Za ta jure na ɗan lokaci, amma in ta buɗe sosai ba na jin za ta sake haɗewa.

Na yi ta tunani ko na matsa maka da yawa. Bakina ka san shi, ba ya neman izini kafin ya yi magana. In wasiƙata ta ɓata maka rai ka yi haƙuri. In ba ka son zuwa ka ce ba ka so, zan nemi wani ya ɗaure, ba zan sake tayar da maganar ba. Ba don Maren kaɗai nake so ka zo ba, ina jin ka gane wannan.

Bodil


Greenland, ƙarshen Mayu 1979

Yaya Bodil,

Lafiyata ƙalau. Ƙanƙara ce ta tare jirgin ruwa, hazo ya hana na sama sauka, sai jiya aka kawo jakar wasiƙu, naki biyu a ciki tare. Na karanta a sito, kunya ta rufe ni. Ba ni da abin cewa sai ki yi haƙuri.

Dama likita ya ce in je asibiti a Kopenhagen cikin Yuli a duba wuyan hannun, ina ta ja da baya. Yau na ce masa zan je, amma zan fara biyawa gida. Ki ci gaba da jiƙa ta. Kada kowa ya taɓa notin nan. Sifana zan zo da tawa, na san taki, da ita kike buɗe gwangwanin fenti.

Ina jin tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ina tafe.

Asger


Kopenhagen, Yuli 1979

Zuwa ga taubashiyata Bodil,

Gaisuwa mai yawa, ki miƙa wa tsohuwa da Frode nasu. An yi aikin lafiya, likitoci sun ce wuyan hannun zai riƙa ɗan lanƙwasawa in na dage da motsa shi. Gadona yana kusa da taga. Dankalinsu ba gishiri sam, na daina kushe naki.

Tun da na baro gida nake juya zuwan nan a raina. Musamman ranar da na sauko daga jirgin fito. Na zo daidai benci hannuna a aljihu, sai na ce gara a yi ta ta ƙare, na fito da shi. Holger ya daɗe yana dubansa, ya girgiza kai ya ce, "An cuce mu. Da in ka ɗaga hannun nan a gidan giya, kwalba biyar ake kawowa." Ban san lokacin da na zauna a tsakiyarsu ba.

Amma akwai abin da ba ki gani ba, don kina sama ina ƙasa, shi nake so in ba ki labari. Cikin kogon nan ba abin da ya canza, warin kwalta da tsohuwar igiya, ga sanyin katakon da kika yi ta jiƙawa. Na kwanta rigingine, haske yana sauko mini ta ramukan da kika huda. Kina sa bol sai rami ya rufe, danƙo ya ɗigo mini a goshi. Faifan ƙarfen ya ƙi zama sai an tallafe shi, hannun hagu kuma yana riƙe da noti. Sai ganin na daman na yi ya tashi ya danne faifan da babban yatsa da ƙaramin, kamar dama aikinsa ke nan. Noti ɗaya ya suɓuce ya gangara can lungu, da 'yan yatsun nan biyu na zaro shi, inda cikakken hannu ba zai shiga ba.

Da na ɗaure na ƙarshe haske ya ƙare. Na yi kuka, Bodil, irin wanda ban yi ba ko ranar da injin ya kama ni, har da sauti, sifana tana kan cikina. Ba baƙin ciki ba ne, daɗi ne ya yi mini yawa. Sa'ar da na yi, daidai lokacin kuka kaure da faɗa ke da Holger a kan gashin kifi, har benci ya ɗauka gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ni. Na gama, na share fuska da safar tsohuwa, na fito ina cewa danƙo ne ya shiga mini ido.

Fitar kuwa kina ciki, ba sai na faɗa miki ba. Sai dai lokacin da na juya ta a bakin tsibiri, sandar kwance ta tsallaka, keken ya ruga ya daki ƙarshen dogon, idona ba ya kan filafili, yana kan katakon baya. Ko gezau bai yi ba. Kika ce in sake juya ta, na sake. Igiya a hagu, sandar tuƙi a hammata, iska a ƙeya, na ji ni ne dai Asger ɗin da na sani.

Batun komawa Greenland ban yanke ba tukuna. Sun riƙe mini aikin siton, kuma mutanen kirki ne.

Naki,
Asger


Marstal, Agusta 1979

Zuwa ga ɗan gwaggona Asger,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun ji daɗin labarin hannu, ka dage da motsa shi, in ka yi lalaci zan sani. Gwaggo lafiya lau, ta fara saƙa maka wata safar mara kauri. Frode ya shiga Maren ranar Lahadi, karo na farko tun aurenmu, ya ba kifaye abincin ranarsa, ya kuma rantse ya ji daɗi. Katakonta ya sha ruwa ya kumbura, yoyo ya tsaya. Na fita da ita cikin iskar da ta hana likitan haƙori barin tasha, ba abin da ya motsa.

Sandar Kaka da ka ce in ajiye, maƙeri ya miƙe ta, mun kafa wa Gwaggo a bakin matakalar ƙofarta tana dafawa. Bol muka sa ya ratsa bango, Frode a ciki ni a waje.

Yanzu ga abin da kai ba ka gani ba, tunda kana ƙasa ina sama. Asger, katakon da ke tsakaninmu kaurinsa bai kai faɗin tafin hannu ba, kuma a kansa nake durƙushe. Ko numfashi ka ja ina jinsa a gwiwata. Kogon jirgi kuwa ganga ne, kai ma ka sani, in ka yi tari a ciki har bakin tasha ana ji. Da ka fara, na ɗaga kai na ga 'yan benci sun yi tsit, kowa yana kallon takalminsa. Shirun nan da ka ce ba za ka iya jurewa ba, shi ne ya sauka, ni kuma na rasa abin yi.

Holger ne ya cece mu. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Jikar Rasmus, kifin da kika gasa ranar tuta, an ce da ragowarsa aka yi wa coci sabon rufi, gaskiya ne?" Ya kashe mini ido. Na gane, na miƙe na saki baki. Sauran suka shigo, wannan ya ce da man shanu ake gashi, wancan ya ce uwarsa da giya take yi, wani tsohon da ko ƙwai bai taɓa soyawa ba ya fi kowa ɗaga murya. Muna yi kunnenmu yana kanka. Sai da muka ji ka fyace hanci sannan muka sasanta.

Da ban yi niyyar faɗa maka ba. Na faɗa ne don ka ce ba ka yanke ba, ni kuma ina so ka yanke da sanin irin mutanen da ke zaune a bencin nan. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar, ba kuma wanda zai tayar. Holger dai ya ce in gaya maka kwalba biyun ma an karɓa.

Batun Greenland ba zan sa baki ba, ka ga na fara koyon kamewa. Sai dai kai ka faɗa mini da bakinka cewa sabon katako yana zama, dole a sake bi ta kan notin nan kafin sanyi, da kuma duk shekara kafin a sa ta a ruwa. Jiya na sake gwada kogon. Ƙugun yana nan kan bakansa.

Taka,
Bodil